Yadda Na Ɓoye Yaya Sale a Cikin Mutanen Libreville

Tun da na dawo daga Gabon ban huta da tambaya ba. A majalisa a tambaye ni, a shago a tambaye ni, har a bakin masallaci wani ya riƙe mini hannu wai da gaske ne can ruwan sama ba ya ɗaukewa. Na gaji da maimaita labari ɗaya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata zane a kwamfuta. Ina da ɗan shago a Fagge inda nake haɗa kalandar biki da sitika, da fastar 'yan siyasa idan kakarsu ta zo. Da can da hannu nake zane. Ina firamare babu bangon gidanmu da ban ɓata da gawayi ba, kuma na sha duka a kai. Da na samu kwamfuta sai na ajiye fensir, yau kusan shekara ashirin ke nan.

Abin da ya kai ni Gabon shi ne babban wanmu, Yaya Sale. Yana da shagon kayan masarufi a Libreville, a wata unguwa da ake kira Akebe, rabonsa da Kano kuwa tun rasuwar mahaifinmu, shekara goma sha uku. Bara hawan jini ya kwantar da shi asibiti. Ya warke, yana ta cewa a waya ya ji sauƙi, amma 'yan uwa suka ce gara wani ya je ya gano. Da yake ni ne auta, kuma ni kaɗai ne ba ni da oga, sai tafiyar ta faɗo kaina.

Yaya Sale shi ne ɗan farin Innarmu, ita kuwa Inna irin matan da ce, kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ne. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce “wancan na Gabon”. Idan ya kira ta bidiyo aka kawo mata wayar, sai ta kau da kai wajen bango, ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta ce a kai wa yara. Hotonsa ma idan jikoki suka kawo, cewa take su tafi da shi can. Amma ni na san lokacin da yake asibiti tuwonta yadda aka kai haka ake ɗauko shi. Ranar da zan tafi na je sallama, ta yi mini addu'a, har na kai bakin ƙofa ta ce, “Auta, in ka je ka duba da idonka. Kada ka dawo mini da ‘yana gaishe ku’.”

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ta yaya zan nuna wa Inna ɗanta, alhali ba za ta yarda a ga tana kallonsa ba? Sai na tuna ina yaro ita kaɗai ce a gidan take zama ta buɗe littattafan zanena tana dariya. Na ce to, ga dabara. Zan cika littafi da zanen mutanen Gabon, 'yan kasuwa da direbobi da masu wucewa, in sa Yaya Sale a tsakiyarsu ba tare da na rubuta suna ba. Ba wanda zai ce ɗan fari take kallo, mutanen wata ƙasa take kallo. Na biya Sabon Gari na sayi littafin zane mai kauri da fensir shida da abin gogewa har guda uku, ina jin kaina kamar aikin ya gama kansa.

A tashar Yola na fara gane cewa na yi wa kaina alƙawarin da ya fi ƙarfina. Muna jiran mota ta cika, na ga wani dattijo yana gyangyaɗi a kan buhun masara, na zaro littafi. Minti ashirin ina fama. Abin da ya fito ba mutum ba ne, ba buhu ba ne. Duk layin da na ja ba daidai ba, sai in ji yatsun hannuna na hagu suna laluben maɓallin mayar da kuskure a kan cinyata. Na yage shafin na cusa a aljihu kada wani ya gani.

Hanyar kuwa doguwa ce, kuma ta ƙasa na bi don in ga duniya. Daga Yola muka tsallaka Garwa, daga nan Ngaundare, inda na hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde. A Yawunde na kwana biyu a unguwar Hausawa, gidan wani mahauci da Yaya ya haɗa ni da shi. Ɗakin baƙinsa yana jikin inda ake gasa nama, don haka har na bar Kamaru kayana ƙamshin ƙuli da yaji suke. Daga nan muka gangara kudu, daji yana ƙara duhu, itatuwa suna ƙara tsawo, har muka kai kogin da ya raba Kamaru da Gabon.

A wani shinge bayan mun tsallaka, jandarma ya karɓi fasfona da biza da katin rigakafin shawara, ya duba komai ya ga daidai. Sai ya hango littafin a jakata ya ce in buɗe. Ya tambayi sana'ata, direbanmu ya fassara, na ce mai zane ne. Ya buɗe shafi na farko, inda na gwada zana wata mata a jirgin ƙasa. Ya juya littafin sama, ya juya shi ƙasa, ya kira abokin aikinsa suka duba tare. Sai ya miƙo mini da hannu biyu cikin ladabi, ya faɗi wata magana da duk motar ta kwashe da dariya. Da muka tashi na matsa wa direban ya faɗa mini. Ya ce, “Cewa ya yi Allah ya sa kana da wata sana'ar.”

Na isa Libreville a gajiye, ƙafafuna sun kumbura. Yaya Sale ya zo tasha da kansa. Na same shi ya yi furfura sosai, ya ɗan faɗa, amma muryarsa tana nan yadda na san ta. Ya rungume ni ya ce, “Auta, kai ne ka yi wannan tumbin?” Gidansa ɗaki biyu ne da falo a bayan shagon, ana gangarawa ta wani lungu mai matakala. Matarsa, Anti Rabi, ta gyara mini falon, a nan na yi mako uku.

Abinci sai da na koya. Akwai rogon da ake jiƙawa a kirɓa a naɗe a ganye, dogo kamar sanda. Ranar farko tsaminsa ya sa na ajiye, kafin mako ya zagayo ni nake tambaya ko ya rage. Akwai kaza a miyar 'ya'yan kwakwar manja, wadda har yanzu nake tunawa. Akwai kuma wani ɗan itace mai suna atanga, wanda na ɗauka na gatsa ɗanye kamar goba, bakina ya ɗaure, 'ya'yan Yaya suna ta dariya. Ashe a ruwan zafi ake tsoma shi ya yi laushi kamar man shanu, a barbaɗa gishiri.

Shiga taksi ma da nasa tsarin. Mu a Kano ka tsayar da mai adaidaita, ku yi ciniki, ku yi musu, wani lokaci har ku gano kun haɗa dangi. Can kuwa motar za ta rage gudu ne kawai, ka leƙa ka faɗi inda za ka da abin da za ka biya a numfashi ɗaya. In direban ya yarda sai ya danna hon, in bai yarda ba ya wuce ko kallonka bai yi ba. Ni kuwa da sallama nake farawa, kafin in kai ga “ya aiki” mota ta yi nisa. Taksi biyar suka wuce ni a rana ta farko.

Ban faɗa wa Yaya dabarata ba, na ce dai ina so in zana shi don tarihi. Ya ji daɗi. Ranar Juma'a bayan an sauko ya sa babbar riga da hula zanna, ya zauna a kujerar falo, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya ɗaure fuska. Awa ɗaya da rabi ina zane ina gogewa har takardar ta kusa hujewa. Da na gama Anti Rabi ta leƙo ta ce, “Wannan wace kujera yake nema?” Gaskiyarta. Fastar ɗan takara na zana, irin wadda hannuna ya saba haɗawa, babu Yaya Sale a ciki ko kaɗan. Na sake gwadawa ranar Lahadi, wannan karon ya fito kamar hoton fasfo. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga kwanaki suna tafiya kuma ba ni da abin da zan kai wa Inna.

Yaya ne ya ga na yi sukuku ya ce, “Akwai wani tsoho a Olumi, mutumin Garwa, shi ya rubuta mini allon shagon nan. Je ka ku gaisa, ko banza ka ga ɗan uwanka mai ɓata takarda.”

Olumi unguwar masu aikin hannu ce, ko'ina ƙarar walda da injin yankan katako. A wata rumfar kwano na sami Baba Hamadu, siriri, gemunsa duk ɗigon fenti. Shi yake zana kawunan da ake kafawa a ƙofar masu aski, da kifi da kaza na gidajen abinci. Na gaishe shi na miƙa masa littafina. Ya buɗe shafi uku ya rufe.

Ya ce, “Da ka iya, ko?”

Na ce, “Da na iya, Baba.”

“Ya nuna. Hannu yana nan, ido ne ya tafi. Kawo abin gogewar nan.”

Na ba shi ɗaya. Ya ci gaba da miƙo hannu har sai da na zaro sauran biyun. Ya jefa su cikin wani gwangwanin fenti, ya ciro biro daga bayan kunnensa ya ba ni. Sannan ya ja ni bakin titi inda mutane ke jiran taksi, ya ce in zana su kafin su samu mota. Na ce ai ba sa minti ɗaya. Ya ce shi ya sa.

Dokokinsa uku ne. Kada in fara da fuska, in ma da hali kada in zana ta sam. In fara duba ƙafar da mutum ya ɗora nauyinsa a kai, daga nan in hau zuwa ƙugu da kafaɗa. Sannan idona ya fi daɗewa a kan mutumin fiye da kan takarda. Ya ce, “Kai kana zana abin da ka sani ne, kai da ido biyu da hanci. Kowa yana da wannan. Amma dubi matar can, dubi yadda ta karkata saboda jaka. Ko daga Okala, can ƙarshen gari, ka hango ta ka san ita ce.”

Ranar na zana mutum ya fi arba'in, duk kamar tsutsotsi. Ina da shekara arba'in da ɗaya, ina da yara masu koyon aiki a ƙarƙashina a Kano, ga ni a bakin titi tsoho yana buge mini hannu da sandar burushi duk lokacin da na sunkuyar da kai. Amma wajen la'asar sai wani layi ɗaya ya fito daidai, bayan wani makanike da ya duƙa a kan inji. Na ji wani daɗi da rabona da shi tun ina firamare.

Daga nan kullum da safe sai in ɗau littafi in fita. Na zana masu jiran motar haya, da 'yan makaranta da burodi dogo a hammata, da ma'aikata masu kwat suna tsallake kwata bayan ruwan sama. Na je bakin teku ranar Lahadi na zana masu gudu da iyalai masu shan iska. Yaya dai hankalinsa bai kwanta ba. Ya ce, “Auta, nan ba Fagge ba ce. Mu baƙi ne, da kart, takardar izinin zama, a aljihu muke yawo. Ka daina ƙura wa mutane ido kada ka jawo mini magana.”

Bai rufe baki da kwana biyu ba na jawo ta. Akwai wasu mata da ke kasa kifi da ayaba a gefen titi kusa da shagonsa. Na tsaya daga tsallake sanye da farar riga mai aljihu, ina kallonsu ina rubutu a littafi. Ban lura ba ashe sun lura. Sai na ga ɗaya ta naɗe tabarmarta, ta biyu ta ɗora daro a ka, kafin ka ce me layin ya watse. Sun ɗauka ma'aikacin hukuma ne ya zo rubuta masu kasa kaya a bakin hanya. Ɗaya ce kawai ba ta gudu ba, wata ƙatuwar mata mai suna Mama Odet. Ta tsallako titi da wuƙar gyaran kifi a hannu, ta tsaya a gabana tana zuba Faransanci. Ni kuwa abin da na iya bai wuce “bonjur” ba, na kuwa faɗe shi ya kai sau huɗu.

Wani mai shayi ɗan Maraɗi ne ya taso ya shiga tsakani. Ta fizge littafin ta buɗe, ta ga kanta a zaune tana kankare kifi. Sai ta ƙwala wa sauran kira suka dawo da darukansu, aka yi cincirindo. Mai shayin ya ce mini, “Ta ce aikinka ya yi, amma ka rage mata jiki. Ta ce ita ba ta sha wahalar tara wannan jikin don wani ya zo daga Najeriya ya rage shi ba.” Dole na sake zana ta, ta tsaya a kaina har sai da faɗin ya gamsar da ita. Daga ranar na zama ɗan gida a layin. Kowacce sai da na zana ta, kuma Anti Rabi ba ta sake sayen kifi da tsada ba har na taho.

Littafi ya kusa cika, saura kwana biyu in tafi, amma babu Yaya Sale. Na kai wa Baba Hamadu kukana, har na faɗa masa maganar Inna, wadda ban faɗa wa kowa ba. Ya daɗe yana juya burushi a cikin kananzir. Ya ce, “Kai ma ka yi wauta. Ka ce wa mutum zauna in zana ka, ai sai ya tashi ya bar maka riga. Kada ka tambaye shi. Yadda ka yi wa masu taksi haka za ka yi masa.”

Washegari da hantsi ina zaune a kan benci a ƙofar shagon, ciniki ya lafa. Yaya ya fito ya zauna a kan wani akwatin lemo, ya ba ni gefe. Ya naɗe ƙafa ɗaya a ƙarƙashinsa, ya karkatar da kai, ya kama kunnensa na dama yana murzawa yana kallon titi. Haka mahaifinmu yake zama a ƙofar gida, ko kunnen bai canza ba. Na zaro biro a hankali. Na fara da ƙafar da ya naɗe, na hau bayansa da ya ɗan ranƙwafa, na sauko kafaɗar da rigar ta yi wa yawa. Ban zana fuska ba sai gefen gemu. Kafin wata mata ta zo sayen sukari ya miƙe, na gama. Bai fi minti biyu ba. Da na kai wa Baba Hamadu ya duba ya ce, “To, ka iya tafiya gida.” Abin gogewata dai bai mayar mini ba.

Ranar da zan taho, a tasha, Yaya ya karɓi littafin yana buɗawa yana dariyar Mama Odet. Da ya zo shafin da na zana shi sai ya tsaya. Ya dube ni ya ce, “Wa za ka nuna wa wannan?” Na ce duk wanda ya tambaya. Ya rufe ya miƙo mini, ya juya yana yi wa yaron mota faɗa a kan yadda ya ɗaure jakata, alhali jakar lafiyarta ƙalau.

Komowa ta ɗauke ni kwana shida. Washegarin isowata na je gaida Inna da tsaraba, ɗakin cike da jikoki da matan yayyena. Ta tambayi hanya, ta tambayi Rabi da yara ɗaya bayan ɗaya, ba ta tambayi mai gidan ba. Na ce, “Inna, na koma zane fa. Ga mutanen Gabon na kawo miki.”

Ta sa tabarau ta ɗora littafin a cinya. Ta yi dariyar masu burodi a hammata. Ta ce Mama Odet da gani ba ta da wasa. Ta tambaya ko matan can duk haka suke sa wando. Tana buɗawa tana tsokaci, jikoki suna leƙe, har ta zo tsakanin wani direba da wata mai ayaba, inda na sa shi.

Ta tsaya a kan shafin. Yaran suka gaji suka ce a buɗe gaba, ba ta buɗe ba. Ta sa yatsa a kan kafaɗar ta bi layin a hankali har zuwa kunnen. Ni kuwa na kafa idona a kan tabarma, don na san in na ɗago zan ba da mu duka biyu.

Can ta ce, “Wannan bawan Allah ya rame.”

Na ce, “Ya rame, Inna, amma yana cin abinci sosai. A gabana yake cinye kwano. Kullum shi yake buɗe shagonsa da kansa.”

“Yana shan maganin?”

“Safe da yamma. Matarsa ba ta ɗaga masa ƙafa.”

Ta gyaɗa kai, ta ƙara duban shafin, sannan ta buɗe gaba ta ce mai ayabar nan ta cika kwalliya. Da ta kai ƙarshe na miƙa hannu zan karɓa. Ta rufe littafin ta tura shi bayanta, ƙarƙashin filo.

Ta ce, “Bar shi a nan, Auta. Ban gama kallon mutanen ba.”